Akwatin da Ya Ƙi Shan Ruwa

"Wannan akwati ne ko kwale-kwale?" in ji Malam Stephen, malamin aikin kafinta, yana toshe hanci.

Rilwanu ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Mako uku yana fama da katako kafin ya haɗa akwatin nan. Kowace kafa ya liƙe ta da tsumma da kwalta, yadda babansa ke yi wa jirginsu.

Malam ya ba shi sifili, ya mai da akwatin mazubin takardu.

Ran Laraba kogi ya yi ambaliya ya cika makarantar. Rilwanu ya yini yana addu'ar ruwa ya cinye takardar maki.

Akwatunan 'yan ajin duk sun jiƙe sun dare. Nasa kaɗai aka tsamo yana yawo a kan ruwa. Malam ya buɗe, ga takardar maki a bushe ƙayau, sifilin Rilwanu ko gezau bai yi ba.