Tsarabar San Miniato

Kwana goma sha uku ke nan Zulaihatu tana ajiye wa mijinta abinci a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta ja da baya.

Sha'aibu takalma da jakunkunan fata yake sarowa daga Italiya, yana sayar wa ɗalibai a Kuala Lumpur. Ya dawo a watan Maris na 2020, ana saura kwana biyu a hana masu zuwa daga can shigowa. Ko gaisawar kirki ba ta bari sun yi ba. Daga bakin falo ta nuna masa ɗakin baƙi, ta bi sawunsa da tsumma da ruwan bilic.

Ba tsanarsa ta yi ba, tsoro take ji. A ɗaya ɗakin akwai Gwaggo Ɗelu, ƙanwar mahaifinta, wadda ta raine ta tun tana goye. Zulaihatu ce ta matsa aka kawo tsohuwar daga Kano don a duba mata ciwon suga da ƙirji. Likita kuwa bai ɓoye ba: idan annobar nan da ake fama da ita ta kama Gwaggo, sai dai addu'a.

Shi gogan naka ko a jikinsa. Ta bayan ƙofa yake zuba labarin San Miniato, wani tsohon gari a kan tudu da dillalinsa ya hau da shi, ga hasumiya, ga gonakin inabi iya ganinka. An miƙo masa giya ya ce addini ya hana. Don kada mai masauki ya ji kunya, sai ya sayi 'yar kwalbar tartufo, wani abu mai kama da dankali da karnuka ke sansanowa a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce warinsa kamar an haɗa tafarnuwa da daddawa, idan aka buɗe har maƙwabta sai sun sani.

"Mu goma muka ci abinci a tebur ɗaya ranar," in ji shi, yana dariya.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ƙulle kwalbar a leda uku ta tura bayan kabad.

Aka kulle gari. Mutum ɗaya ke fita daga kowane gida, don haka ita ce mai shiga lif, ita ce mai bin layin kanti a unguwarsu ta Wangsa Maju. Jirgin ƙasa na LRT na wucewa fanko, jiniyar motar asibiti kuma ba ta hutawa. Komai ya lalace. Burodi ya yi wuyar samu, albasa ta yi tsada, turaren wutar da ta saya a kasuwar Danau Kota ma algus ne, sai hayaƙi. Abu ɗaya ta gode wa Allah a kai: kwana biyun nan maƙwabta sun daina soya belacan, dakakken jatan landen nan nasu mai hawa kai.

Kullum tana kasa kunne a ƙofar Sha'aibu. Ya yi tari sau ɗaya ranar Talata, ya ce ruwa ne ya shaƙe shi. Ta tambaye shi zazzaɓi, ya ce da salon maganar 'yan garin, "Lafiyata ƙalau lah, Zulai. Jibi ki buɗe ni." Ta san halinsa. Mutumin da ya taɓa yawo mako guda da karyayyen yatsa yana cewa targaɗe ne, shi za a tambaya lafiya?

Rannan wata ma'aikaciyar jinya ta turo saƙon murya a zauren matan Najeriya. Ta ce wasu ba sa tari, ba sa zazzaɓi, hancinsu ne kawai ke mutuwa su daina jin wari, kuma a lokacin suka fi yaɗa cutar.

Zulaihatu ta saurara sau uku. Gobe ne wa'adin killacewar na kwana goma sha huɗu zai cika, gobe zai fito ya durƙusa gaban Gwaggo ya gaishe ta.

Ta sa takunkumi biyu da safar hannu, kamar yadda take yi wa duk abin da ya fito daga Italiya. Ta ciro kwalbar ta buɗe, ta cusa cokali guda a ƙarƙashin shinkafarsa ta rufe da miya. Idan ya ji warin, lafiya. Idan ya cinye bai ce komai ba, ba Gwaggo ba, ko falo ba zai gani ba.

Ta ajiye, ta ƙwanƙwasa, ta dawo ta dire kwalbar a gefen tabarma. Ta cire takunkumin ta wanke hannu, ta zauna kan tabarma. Gwaggo ba ta iya cin abinci ita kaɗai, tun Zulaihatu tana yarinya kwano ɗaya suke sa hannu, kuma ko annoba ba ta canza wannan ba.

Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Ƙarar cokali. Shiru. Zulaihatu tana kai loma ba ta san tana yi ba.

"Zulai," muryarsa ta fito daga ɗaki, "wa ya ce ki buɗe min tsarabata? Tun kina kicin na ji ta."

Ta yi ajiyar zuciya, hawaye suka cika mata ido. Kwana goma sha uku ba ta ji daɗi irin wannan ba. Ta juyo za ta yi wa Gwaggo albishir, sai ta ga tsohuwar ta toshe hanci da gefen mayafi.

"'Yar nan, don Allah ɗauke abin nan daga gabanmu. Tun ɗazu ya hana ni haɗiya, na ga ke kina ta ci ne na yi shiru."

Kwalbar tana nan a buɗe kusa da gwiwarta, inda ta manta ta. Zulaihatu ta zare hannunta daga kwanon Gwaggo, ta ɗauki kwalbar ta kai hanci, ta ja numfashi har ƙirji, ba ta ji komai ba.