Tire Shida da Aka Musanya

Akwai wanda idonsa ke kan hannun maƙwabcinsa tun safe har yamma, nasa hannun kuwa bai taɓa dubawa ba, yana ta ɓarna yana cewa asiri aka yi masa. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Ya matso kusa ya ji.

A wani asibiti, mata biyu ke aiki a ɗakin da ake wanke kayan tiyata. Su jera almakashi da hantsaki da wuƙaƙe a tiren ƙarfe, su naɗe shi da koren ƙyalle ninki biyu, su manna tef, kowace ta rubuta sunanta a kai, sannan a sa a tukunyar turara kaya. Ƙa'idar ɗakin ita ce, tiren da ke ɗauke da sunanki, ke za ki fito da shi, ke za ki ɗora shi a kan kantar ajiya, ke za ki kai shi ɗakin tiyata. A can kuwa Sista, shugabar ma'aikatan jinya, ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Sai ta ɗaga ƙyallen ga fitila, in haske ya ɓullo ta huji, ko da na bakin allura ne, to ƙazanta ma ta sami hanya, tiren ya koma inda ya fito.

Babbar cikinsu, shekara goma sha ɗaya ba a dawo mata da tire ba. Ƙaramar, wadda ta fi ta takarda, ta fi ta zafin nama, sati ba ya ƙarewa sai an dawo mata da biyu. Duk ranar da Sista ta ce wa babbar, "Yaya, Allah ya yi wa hannun nan albarka," sai ƙaramar ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Ta ce ƙyalle mai kyau ake ɓoye wa tsohuwar. Ta ce tef ɗinta daban ne. Ta ce ba banza ba, akwai laya. Ta kwaikwayi ninkin, ta kwaikwayi har yadda matar ke karkata biro. Amma da an gama naɗi sai ta yi tsaki ta kau da kai, don zuciyarta ba ta ɗaukar kallon sauran aikin.

Ran nan Sista ta gaji, ta ce mata, "In aka sake dawo miki da tire ɗaya, ɗakin wankin zannuwa za ki koma." Da azahar babbar ta naɗe tire shida, ta tafi salla ba ta kai ga rubuta suna ba. Ƙaramar ta yi wuf ta kwashe su, ta rangaɗa musu sunanta, ta jera nata shida da ba ta sa wa suna ba a teburin babbar. Da matar ta dawo, ta shafa kusurwar tire ɗaya da yatsa, ta dubi abokiyar aikinta, ta ce, "Ƙanwata, yau naɗin naki ya yi kyau." Ta ɗauki biro ta sa sunanta a kan abin da ta tarar.

Da kaya suka fito daga tukunya suka huce, ƙaramar ta yi yadda ta saba. Ta kama kunnen ƙyalle ta jawo, ta ɗora uku a kan juna don kada ta yi sawu da yawa, ta rungume su a ƙugu inda tarin makullanta ke rataye, ta tura su kan kantar ƙarfe ƙiiii, ta kan wani ɗan tsinin walda da ta shekara tana wucewa ba ta gani ba. Babbar kuwa ɗaya-ɗaya take ɗauka, tafi biyu a ƙarƙashi kamar mai ɗauke da ƙwai. Sai ta shafa saman kantar da hannu kafin ta ajiye, ta sauke a hankali, ba ja ba turi, ba ta ɗora wani a kan wani.

Da safe aka shigo da wani dattijo mai ƙaba, wanda aka hana wa abinci tun jiya. Sista ta ɗaga ƙyallen farko mai sunan ƙaramar, haske ya ɓullo. Na biyu, huji biyu. Na uku, a yage a kusurwa. Ta ce a kawo na Yaya. Aka kawo, ta ɗaga, ko ɗigon haske babu. Da shi aka yi wa dattijo aiki. Sista ta fito tana sa wa babbar albarka a gaban kowa, a kan tiren da ƙaramar ta naɗe da hannunta. Ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofa, ta san in ta ce nata ne ta tona kanta. Kafin la'asar tana ɗakin wanki, kumfa har gwiwar hannu, kuma a ranar ne kaɗai ta san naɗinta bai taɓa samun matsala ba.

Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce. Wanda ya ce ba haka ba ne, ga fitila nan a kunne, ya ɗaga nasa ƙyallen mu gani.