Ramin Issouf

"Na gaji da haƙa wa matattu, Rabi," Issouf ya ce wa matarsa. Shekara ashirin yana haƙar kabari a Agadez, ba gaba ba baya. Ya ajiye aikin, ya tafi haƙar zinariya Tchibarakaten.

Cikin wata na biyu rami ya rufta da shi. A bakin ramin aka yi masa salla.

Ranar sadakar bakwai Rabi ta ji an koma tono. Ta saida akuyarta, ta sayi likkafani, ta kira mai ramin a waya.

"Alhaji, yaushe za ku kawo mini mijina?"

"Haƙuri, baiwar Allah, ba shi muke tono ba. Ruftawar ce ta buɗe mana zinariya. Ita ta yi gabas, shi yana yamma."