Wa Ke Shan Waifan Injiniya?

A karo na uku a makon nan fuskar Injiniya ta daskare a allon taro, baki a buɗe kamar mai jiran cokalin magani.

Ba injiniya ba ne, ma'aikacin inshora ne da ke aiki daga gida. Ya taɓa gyara fankar falo, ta yi kwana biyu tana juyawa da baya, sunan ya bi shi tun daga nan. Da yamma ogansa ya kira shi, ya ce ran Litinin zai gabatar da rahoto gaban manyan kamfani, in ya sake daskarewa to ya nemi wani aikin.

Injiniya ba mutumin da ake koya wa abu ba ne. Ya ɗauke akwatin waifai daga bayan talabijin ya ɗora kan firji. Ya sauke shi ya rataye a ƙusar agogo. Ya miƙar da eriyoyin, ya karkatar da su, ya yanka gwangwanin lemo ya kafa musu a baya don ya ga an yi haka a bidiyo. Sandar sabis a kwamfutarsa tana nan guda ɗaya tal, siririya, kamar ta kwana da yunwa.

Abin da ya fi ƙona masa rai, matarsa tana kicin tana kallon fim a waya, ko tari hoton ba ya yi.

"Ashe ke kike shanye min!"

Ya kafa doka: daga safe zuwa la'asar, ba mai taɓa waya a gidan. Matar ta ce to. 'Yan matansa biyu suka daina gaishe shi. Sandar ba ta ƙaru ba.

Sai ya ɗauki kwamfutar a hannu, ya shiga zagaya gida da ita kamar mai neman inda ɓera ya mutu. Falo, sanda ɗaya. Ɗakin barci, babu ko ɗaya. A ɗakin ajiya, jikin bangon da ya raba su da maƙwabciyarsu, sanduna suka tashi har uku.

Ya tsaya ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo hannu a aljihu. Sabis ɗinsa gaba ɗaya ya taru a jikin bangon nan. Me ke jan sa can, in ba wani ke zuƙa daga ɗaya gefen ba?

Maƙwabciyar tela ce, kowa na ce mata Mai Ɗinki. Ranar da su Injiniya suka tare, gidansu ba a gama haɗa komai ba, ita ta ba su tsintsiya da tsani da duk abin da suka roƙa. Injiniya bai ga dalilin tuna wannan ba. Ya canza lambar sirrin akwatinsa zuwa wata doguwa da shi kansa sai ya duba tafin hannu. Wayoyin gidan duk suka sauka daga waifan. Kwamfutarsa kuwa ko tambayarsa sabuwar lamba ba ta yi ba.

"Kin gani? Na'ura ta san mai ita," ya ce wa matarsa.

Amma sandar tana nan guda ɗaya. Wato ɓarauniyar ta ƙware.

Ran Asabar ya je ƙofar Mai Ɗinki, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, wai ita ke shan masa waifai. Ta fito da tef a wuya, allura a baki. Ta bari ya gama, sannan ta cire allurar.

"Baban yara, ina da nawa. Kamfani ɗaya muke, akwati iri ɗaya. Ni ma hoton ɗinki sai in tura da safe ya isa da rana."

"Allah ya kama ki ke nan!"

"To bari in kira masu abin su duba. In ni ce, in ba ka haƙuri a tsakiyar titi. In ba ni ba ce, ka shirya bakinka."

Ta koma ciki, keken ɗinki ya ci gaba da ƙara.

Litinin da safe Injiniya ya kwashe buhuna da tsofaffin takalma daga ɗakin ajiya, ya kafa tebur a jikin bangon, ya rataya labule a bayansa don kada manya su ga tsintsiya. Ya sa kwat a sama, gajeren wando a ƙasa. Sanduna uku cif. Aka buɗe taro, oga ya gabatar da shi, ya gyara murya ya fara. Kai, abin ya yi kyau. Har wani babba ya gyaɗa kai.

A ɗaya gefen bangon, ma'aikacin kamfanin waifai yana tsugune gaban akwatin Mai Ɗinki yana latsa waya.

"Mama, ke ba ki hau layin kowa ba. Naki ne ma yake da baƙo. Kullum yana kai daga safe zuwa la'asar, yanzu haka ma bidiyo yake yi. Kin taɓa ba wani lambarki?"

Ta gyara tef ɗin wuyanta. "Sau ɗaya. An daɗe."

"In kore shi?"

"Kore shi, ɗan nan. Amma karanta min sunansa tukuna."

Ya danna, sannan ya karanta. A daidai lokacin wani ihu ya ratso bango, yayin da ma'aikacin yake cewa, "An rubuta: Kwamfutar Babban Injiniya, Kada Kowa Ya Taɓa."