Mahaƙin Rijiyar da Ya Ce "Watakila"

A wani ƙauye can gefen fadama an yi wani dattijo mahaƙin rijiya, wanda ya shekara arba'in yana shiga cikin ƙasa yana fitowa. In ya damƙi ƙasa ya murza a tafinsa, ya san wadda za ta riƙe da wadda za ta ci amana. Sai dai Allah ya yi shi da sanyin baki. Bai taɓa yanke magana ba. Duk abin da ya sani sai ya lulluɓe shi da "watakila" da "a ganina dai", don tun tasowarsa aka koya masa cewa mai sani ba ya cika baki.

Wata shekara da bazara rijiyar garin ta ja baya, guga sai laka yake kwasowa, aka taru a bakinta za a yashe ta. Dattijon ya leƙa, ya ga tsaga ta ratsa bangon tun daga zurfin gaba uku har ƙasa, yashi na tsiyayowa siriri kamar gari daga rariya. Ya tabbata rijiyar nan ba ta shiguwa. Amma da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, watakila da an ɗan dakata. A ganina dai bangon kamar ya yi laushi." Nan take wani dillalin shanu mai ƙatuwar murya, wanda bai taɓa riƙe dagi ba, ya bugi ƙirji ya ce, "Haba Baba! Rijiyar nan ta girmi ubana. Wallahi ko raƙumi aka zura zai fito lafiya!" Jama'a suka dubi mai magana ido a tsaye, suka dubi mai magana kai a sunkuye. Suka ɗauka ƙarfin murya sani ne, sanyin murya kuwa tsufa ne da tsoro. Dattijon ya ji nauyin ja-in-ja a gaban mai gari, ya haɗiye maganarsa ya koma gefe.

Maƙwabcinsa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shi ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. An fitar da guga shida na laka. Ana jiran na bakwai ƙasa ta yi gurnani, ƙura ta turnuƙo, igiya ta ƙi motsi. Sai da aka kwana biyu ana tono kafin a kai gare shi, kuma dattijon ne da hannunsa ya share masa ƙasa daga fuska.

A zaman makoki dillalin yana ta faɗi da muryar nan tasa cewa kwana ne ya ƙare, ba laifin kowa, mutane na gyaɗa kai. Dattijon na rakuɓe a bakin zaure sai matar mamacin ta aiko daga cikin gida a tambaye shi: tunda ya gani, me ya hana shi faɗa? Ya ce ai ya faɗa. Aka shiga, aka dawo masa da amsarta: "Baba, cewa ka yi watakila."

Daga ranar bai sake shiga rijiya ba. Ya rayu shekara shida yana wuce marayun nan a hanyar masallaci, ba ya iya ɗaga ido ya dube su.

Kawaici ado ne, amma yana da ranarsa. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.