Tulunan da Attahiru Ya Wuce

Malam Ma'aruf Yari ya kasa zama wuri guda tun ranar da aka ce ɗansa Attahiru ne zai ja gaban ƙungiyar gudu ta Illela a tseren bikin cikar shekara biyu da samun mulkin kai. Samarin Garu da na Darna Sabon Gari za su zo, kuma an sa kofi.

Wani malamin firamare, Malam Muhammadu Lawal, shi ya kafa ƙungiyar. Kullum bayan sallar Asuba samari goma sha huɗu suke haɗuwa a filin makaranta. Ran Litinin su zagaya fili yana riƙe da agogo, ran Laraba su yi gudu cikin rairayi, ran Asabar su kama doguwar hanya. Attahiru, ɗan shekara goma sha tara, ba wanda yake ganin ƙeyarsa kusa.

Shi Ma'aruf yana ganin gado ne. A ƙuruciyarsa shi ne yake kai takardun hakimi Sakkwato a ƙafa, kuma yana da ƙa'ida guda da yake alfahari da ita: ba ya shan ruwa tsakanin zango da zango. Tsakuwa yake sawa a baki ya yi ta tsotsa.

Ana gobe tsere ya leƙa makaranta, ya tarar da Malam Muhammadu Lawal yana sa ana ɗora tuluna a kan jakuna.

"Malam, mi za a yi da tulunan ga? Biki za a yi?"

"Hanya za mu jera su, Baba. Kowane mil, tulu guda da moɗa. Wanda yag gaji ya kurɓa, ya zuba ma kai."

Ma'aruf ya yi dariya. "Ashe ɗiyan awaki kuke kiwo. Ruwa shi ka nauyaya ciki, shi ka kawo ciwon gefe. Ni shekara goma sha biyu nay yi bisa hanya."

"Tahiya kukai, Baba, ba gudu ba. Kuma in rana ta yi kuna neman inuwa."

"Ina tahiyar nan ba a haihe ka ba," in ji Ma'aruf, ya kaɗa rigarsa ya fita.

Da ya koma gida ya kira Attahiru gaban uwarsa Kaltume. Ya ce, "Gobe ko ka ga tulu, ka kau da kai. Su tsaya sha, kai ka wuce. Nan za ka cinye su."

"Baba, Malam ya ce dole kowa..."

"Malam ya haihe ka? To ka jiya: in ruwa ya shiga bakinka kafin ka iso, ban yahe ba."

Kaltume ta ajiye faifan da ke hannunta. "Haba Malam, a kan wasa za ka ɗora mai wannan magana?"

"Ba wasa ba ne. Sunana ne."

Attahiru ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

An shirya a tashi daga Gidan Katta da hantsi. Amma manyan baƙi suka makara, ba a busa usur ba sai da rana ta kusa tsaka. Ga shi ƙarshen damina, zafi da gumi, iska ko ganye ba ta kaɗawa.

Ma'aruf yana bakin kasuwar Illela inda aka ɗaure igiyar ƙarshen tsere, ya sha sabuwar riga. Wani mai keke ya zo da labari: Attahiru ne a gaba, ya wuce tulu huɗu bai ko dube su ba. Ma'aruf ya dubi na kusa da shi ya ce, "Kun gani?"

Jim kaɗan mai keken ya dawo, wannan karon ba ya murmushi. Ya ce yaron ya fara tangaɗi kamar mai maye, ya bar hanya ya nufi gona, ya faɗi cikin karan gero.

Ma'aruf bai san lokacin da ya yar da takalmansa ba. Ya tarar an ja Attahiru gindin wata bishiyar bedi, an yage masa singileti ana zuba masa ruwa a jiki. Fatarsa ta bushe, ta yi zafi kamar tukunya. Malam Muhammadu Lawal yana durƙushe da moɗa a bakinsa, amma yaron ya datse haƙora.

"Tun ɗazu muke fama," in ji malamin. "Da sauran hankalinai, amma ya ƙi buɗe baki. Cewa yake bai iso ba."

Ma'aruf ya karɓi moɗar. "Attahiru, ni ne. Sha. Na yahe, wallahi na yahe. Sha, ɗana."

Yaron ya buɗe ido, sai dai ba uban yake kallo ba. Ya motsa leɓe da ƙyar ya ce, "Baba, ban sha ba."

Aka tare wata babbar mota mai zuwa Sakkwato, aka kwantar da shi a kan buhuna, kansa a cinyar ubansa. Ba su ci rabin hanya ba Allah ya karɓi abinsa. Direba ya juya da su.

Daga ranar nan, Kaltume sai dai ta kawo wa mijinta abinci, ta ajiye, ta koma ɗaki. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, shi kuma yana amsawa da "Haka ne." Ya san ajali gaskiya ne. Ya kuma san bakin da ya hana ruwan.

Ya ku iyaye 'yan'uwana, 'ya'yanmu suna tsoron fushinmu fiye da yadda suke tsoron mutuwa. Kada mu ɗora "ban yafe ba" a kan abin da ba mu da iliminsa. In yaro yana gudu, a bar shi ya sha ruwa, a kuma bar mai koyar da shi ya yi aikinsa.