Garwashin Barci

Farfesa ya sake barin makirufo a kunne. Yana bayan labule yana gyara wuyan riga, zauren gaba ɗaya ya ji shi yana cewa, "Yarinyar da aka haifa jiya ce za ta gyara mini aiki?"

Dariya ta bi kujeru ƙasa-ƙasa. A sahun gaba 'yarsa ta rufe fuska.

"Mama, kin ji Baba kuma."

"Halinsa ne tun kafin a haife ki," in ji uwar, tana gyara zaman jakarta a cinya.

A ranar za a sa wa cibiyar binciken barci sunansa. Hoton da ya jawo masa wannan daraja yana haskawa a bango: ƙwaƙwalwar mutum, toka-toka, da wani jan ɗigo a tsakiya. Shi ya raɗa masa suna garwashin barci. Ya ce da zarar barci ya ɗauki mutum, wurin da fushi ke zama a ƙwaƙwalwa yakan kama da wuta, ya ƙone ɓacin ran yini. Shekara ashirin da wani abu, ba mai rubutu a kan barci bai ambaci Farfesa ba. Sunansa ne kaɗai a kan takardar binciken.

A lokacin da aka ɗauki hoton, hanyar gane barci mai sauƙi ce. Mutum ya kwanta da rana a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, mai ƙara kamar injin niƙa, da abin sauraro a kunne da ƙwallon roba a hannu. Ta abin sauraron ake masa magana daga ɗakin masu aiki, ta nan kuma ake aiko masa da ɗan sauti. In ya ji sai ya matsa ƙwallon. In ya daina matsawa, ya yi barci ke nan. An gwada mutane da dama, garwashin bai fito sarai ba sai a kan mace guda. Dokar aikin ta hana faɗin suna, don haka duniya ta san ta da Ta Bakwai.

Waɗanda suka maimaita gwajin ba su ga komai ba. Farfesa ya ce hannunsu ne bai iya ba. Ya hana wasu ƙarin girma, ya kashe wa wasu takardu.

Sai ga baƙuwa, wata mai bincike daga wata jami'a, da sabuwar hanyar da ke gane mai barci da mai ido biyu daga hoton kansa. Ta roƙi hotunan asali. Ya ƙi.

Matarsa ce ta shawo kansa. Mace ce marar yawan magana. Da can tare suke aiki a cibiyar, kafin ta ajiye farar riga ta koma gida. Ita ke goge masa kofunan yabo, ita ke gyara masa jawabi.

"Baban yara, ba ta mana," ta ce masa wata safiya tana zuba masa shayi. "Mai kaza a aljihu shi ke tsoron as. Kai me kake ɓoyewa?"

Da baƙuwar ta aiko da sakamakonta kafin bikin, nan ma matar ce ta ce kada ya ɓata lokacinsa da karantawa. Ta ce ya gayyato baƙuwar kawai, ya kunyata ta a gaban manya.

Ranar bikin baƙuwar ta hau mumbari. Ta nuna hotunan masu barcin gaske, ba garwashi ko ɗaya. Ta nuna na mutanen da aka ɓata wa rai da gangan suna farke, jan ɗigon na nan a kowanne. Sannan ta ɗora hoton Ta Bakwai a gefensu.

"Ranka ya daɗe, da girmamawa nake faɗa. Wannan baiwar Allah ko gyangyaɗi ba ta yi ba. Idonta biyu, kuma ranta a ɓace yake ƙwarai."

Shugaban jami'a ya janye hannunsa daga igiyar ƙyallen da ya rufe allon suna. Editocin mujallu biyu suka haɗa kai suna raɗa. Farfesa bai dubi baƙuwar ba, bai dubi hoton ba. Sahun gaba ya zuba wa ido.

Matarsa ta yi masa ɗan murmushi irin na mai ba da haƙuri.

Suka kama hanyar gida a mota. 'Yar ce ke tuƙi, shi yana gaba, rana na dukan gilashi. Uwar ta jingina kai a kujerar baya ta lumshe ido.

"Ku ga Mama da barcin rana," in ji 'yar. "Wadda ko ƙuda ya gifta sai ta tashi. Tun da nake ban taɓa gani ba."

Farfesa bai waiwayo ba. Shi ma bai taɓa gani ba, sai dai yau ne ya fara lura.

Hannun uwar na kan cinyarta a buɗe, kamar yadda ta buɗe shi a waccan ranar cikin na'ura. Ita ta tsara gwajin daga farko har ƙarshe, ta kwanta ne kawai don mutum ɗaya bai zo ba. Sai murya ta shigo kunnenta ta makirufon da aka manta a kunne, tana ce wa mataimaki, "Sunana kaɗai za a sa. Ita ai matata ce, ina za ta kai ƙara?" Ta Bakwai ta saki ƙwallon, ta rufe ido, ta ci gaba da sauraron mijinta.